Huɗu Ta Ce Ta Haifa

SHAFI NA 23

Masu aiko min saƙo cewa Ladidi ta cika kafiya, na ji ku. Yau ma ba sauƙi za ku gani ba, gara in faɗa muku tun yanzu.

Wanda kuma yau ya shigo, ga inda muka tsaya. Shekarar 1955 ce, a Dogon Dutsi. Ladidi ɗalibar aikin ungozoma ta shafe wata bakwai tana bin gida-gida da katuna, tana tambayar mata haihuwarsu. Katuna ɗari uku da sittin ta tara. Da su ne Likita Dumon, Bafaranshen da ke duba aikinta, ya haɗa rahoton da zai kai ta makarantar Dakar. Da safen nan tana ɗaure katunan, sai ta ci karo da na mahaifiyarta.

* * *

Ko sallama ba ta yi ba. Ta banko ƙyauren kara ta faɗo tsakar gida, farar rigar aikinta ta jiƙe da gumi, katin a hannunta ta damƙe shi har ya lanƙwashe.

Inna Habsatu, mahaifiyarta, tana bakin turmi tana surfen gero. Yayar Inna, Iya Hure, wadda ta riƙe Ladidi tun daga yaye, tana inuwar rumbu tana kaɗi.

"Ke!" in ji Iya Hure. "Kasuwa ta nan, da za ki hwaɗo muna babu sallama?"

"Salamu alaikum."

"Yanzu kuma ta mi? Mi anka yi?"

Ladidi ba ta kalle ta ba. Gaban turmin ta je ta tsaya, ta buɗe katin, ta karanta da muryar da take karanta wa Likita.

"Lamba ɗari biyu da sha biyu. Habsatu, matar marigayi Illo. Haihuwa huɗu. Idi, Saminu, Fati, Maryam. Duka suna raye."

Taɓarya ta ci gaba da sauka.

"Inna, Mahamadu abokin aikina, shi na ya cika wanga kati. Ni nic ce ya ɗauki unguwarmu, don Likita ya ce mai bincike ba shi tambayar danginai. Ya zo, ya tambaye ki, kinka ce huɗu."

Inna ta ƙara ɗaga taɓarya.

"Ni ina nike?"

Inna ta sunkuya ta juya geron da hannu. Ko ɗago ido ba ta yi ba. Da Iya Hure ta yi magana, kamar yadda ta saba duk lokacin da zancen na Ladidi ne.

"Yaya, a ce ma waccan ta matsa. Dussa na tashi, za ta ɓata mata hwarar riga."

Nan fa Ladidi ta fashe. Abin da ta haɗiye shekara goma sha uku ya taso mata gaba ɗaya.

"Na sani! Na daɗe da sani! Tun randa dogarin kumandan ya zo ya tahi da ni lakkol, makarantar Anasara, kinka hidda ni daga ranki. Ina Yamai shekara da shekaru, ko saƙon gaisuwa ban samu ba daga gare ki. Nic ce kunya ta. Yau ga shi a rubuce. Huɗu gare ki, ni ta Anasara ta!"

Iya Hure ta ajiye mazari. Ta dubi Ladidi, ta dubi katin. Sai kawai ta kece da dariya, har da dafe cinya.

"Iya, dariya kike min?"

"In ban yi dariya ba in yi mi? Oh ni Hure! Shekara goma sha ukku ana ɗura miki karatu, abin da ɗiyar da ka tallar gyaɗa ta sani, shi na ya ɓace miki?"

"Mi ya ɓace min?"

"Zamna."

"Ba ni zamnawa."

"To tsaya, ƙahwar taki ta. Tun da kinka yi wayo, kin taɓa jin sunanki bakin Habsatu?"

"A'a. Wanga kam na san shi. Kunyar ɗan hwari ta."

"Madalla. To wadda ba ta iya kiran sunanki cikin ɗakinta, ita za ta zamna gaban namiji mai alƙalami ta ƙirga ki? Ta ce ga ta, ni na haihe ta? Da wane baki?"

Ladidi ta sake duban katin.

Ta zauna.

Jama'a, ni a nan na fi tausaya mata. Ba rashin sani ba ne. Ta san al'adar sarai, a jikinta ma aka yi ta. Amma tambayar da Faransanci aka rubuta ta a kan kati, sai ita ma ta riƙa tunaninta da Faransanci. Wata bakwai, ko sau ɗaya bai faɗo mata a rai ba cewa matar da ke gabanta irin Inna ce.

Yanzu ne suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Matar Tibiri da ta ce uku ta haifa, ga wata budurwa mai kama da ita sak tana miƙo musu ruwa, da aka tambaya ta ce ai ta tsohuwa ce. Matar Dogon Kiriya da ta yi ta zane ƙasa da tsinke kafin ta ce biyu. Rabin katunan Ladidi ce ta cika su da hannunta. Ba ta da wanda za ta ɗora wa.

"Ke nan," ta ce a hankali, "duk wanda na rubuta ɗan hwari, na biyu na."

"Mafi yawa dai."

"Ke nan katin Inna biyat ya kamata."

Taɓarya ta tsaya.

Ba a hankali ta tsaya ba, cak ta tsaya. Inna ta jingine ta jikin turmi, ta karkaɗe hannu, ta shige ɗaki ta saki labulen.

Dariya ta bar fuskar Iya Hure. Ta ɗauki mazarinta ta juya shi a hannu, ba ta kaɗa ba.

"Iya?"

"Shidda."

"Shidda kamar ƙaƙa?"

"Rage murya. Ba ke ta ta hwari ba, Ladidi."

Ladidi ta matso kusa da ita.

"Akwai wani kahin ke. Namiji. Goyon ciki ta zo gidan tsohuwarmu can Sukukutane. Kwana ukku tana durƙushe, ni ka riƙe da ita ta baya. Mun ba ta rubutu, mun ba ta jiƙo, babu abin da ba mu yi ba. Da ya hito bai yi kuka ba. Kahin azahar anka binne shi bayan gida. Ita ko wata biyu ba ta taka ƙasa ba."

"Ba wanda ya taɓa hwaɗa min."

"Wa zai hwaɗa miki? Bai kai ga suna ba. Da kinka zo bayan shekara biyu, ke kinka gaji kunyatai. Shi ya sa taki ta yi nauyi haka. Kina cewa ta hidda ki daga ranta? Randa anka tahi da ke lakkol, kwana tara ba ta ci tuwo ba. Ni na ba ta kunu da ludayi."

Hawaye suka zubo wa Ladidi. Ta dubi labulen ɗakin, ta so ta tashi ta shiga ta faɗa jikinta. Ba ta taɓa yi ba, ba ta ma san yadda ake yi ba. Ta goge fuska da gefen riga.

Ku kuma kun san halinta. Hawaye na zuba, kan yana aiki.

"Iya, irin Inna nawa cikin unguwag ga? Waɗanda na hwarinsu bai zo da rai ba?"

Iya Hure ta fara naɗe yatsu.

"Sa'a matar maƙeri. Shatu ta bakin rijiya, ita har yau ba ta riƙe hitsari. Ɗiyar Liman, ita da ɗan duka sunka tahi. Ƙanwar…"

"Isa haka."

"Ke kinka tambaya."

"Sa'a na ga katinta. Ta ce ma Mahamadu duka nata suna raye."

"Gaskiya ta hwaɗi. Waɗanda taka ƙirgawa suna raye. In kina son na hwari, ba uwa aka tambaya ba. Ki nemi wadda ta riƙe ta ran naƙuda, uwatta ko yayatta. Mu muka da shi."

Ladidi ta miƙe.

Ta san abin da ke shafi na farko na rahoton, don ita ta buga shi da keken rubutu har sau uku. An rubuta cewa a ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, haihuwar fari ba ta da haɗari, cikin ashirin ɗaya kawai ake rasawa. Likita Dumon ya yi ta murna, ya ce ba a taɓa ganin haka ba a duk ƙasashen da ya yi aiki. Kumandan kuwa, Bafaranshen da ke mulkin yankin, da ya ji, cewa ya yi ashe Dogon Dutsi ba ta buƙatar ɗakin haihuwar da ake ta roƙo, a kai ginin wani gari.

Yau da la'asar kumandan zai zo ya karɓi rahoton ya sa hannu.

"Ina za ki?" in ji Iya Hure.

"In je in rushe aikina."

* * *

Ta tarar da Likita Dumon a ofishinsa yana shan taba, fuskar nan a sake. Mahamadu, ma'aikacin jinyar da ya taya ta cika katuna, yana gefe yana dafa allurai a kan risho.

Da Faransanci suka yi maganar.

"Madmazel! Ke nake nema. Zauna. A'a, kada ki zauna, a tsaye ake karɓar irin wannan."

Ya miƙo mata shuɗiyar takardar waya.

Ta karanta. Daga Dakar ne. Sun ga taƙaitaccen bayanin da Likita ya aika musu, ya burge su. Sun ba ta gurbi, karatun shekara uku, a watan Oktoba za ta fara.

Abin da ta yi shekara huɗu tana mafarki ke nan. Ga shi a hannunta, layi uku. Ta karanta shi sau biyu, ta ji daɗinsa har cikin ƙashi, ba za ta yi ƙarya ba. Sannan ta ajiye shi a kan tebur, ta ɗora katin Inna a kai.

"Likita, rahoton ba daidai ba ne."

"Wane shafi? Kin ga kuskuren bugu?"

"Duka."

Ya cire tabar daga baki.

Ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ba ta rage komai ba. Kunyar ɗan fari. Yadda uwa ba ta ƙirga shi ko yana raye, balle in ya mutu. Yadda duk layin da suka kira haihuwar fari ya zama ta biyu. Ta ce kuskuren nata ne, ita ce 'yar ƙasa, ita ya kamata ta gyara tambayar tun ranar farko.

Kunnuwan Likita suka yi ja.

"Mata ɗari uku da sittin," ya ce, "duk suka yi mana ƙarya?"

"Ba ƙarya suka yi ba. Tambayar ce ba ta dace da su ba."

"Tambayar da ake yi daga Dakar har Fort-Lamy?"

"To wataƙila daga Dakar har can akwai matan da ba a ƙirga 'ya'yansu ba."

Ya juya ga Mahamadu.

"Kai. Gaskiya ne wannan?"

Mahamadu ya ci gaba da juya allurai da cokali kamar shi ne aikin da ya fi kowane muhimmanci a duniya.

"Da kai nake."

"Gaskiya ne, Likita."

"Ka sani?"

"Tun kati na goma."

Ladidi ta juyo, ta koma Hausa ba ta ma sani ba.

"Mahamadu! Ka sani kay yi shiru? Wata bakwai?"

"An ce in rubuta abin da macce ta hwaɗa, shi na rubuta. Shekara goma sha biyu ina aikin ga, ba a taɓa tambayata mi na sani ba. Ke mai karatun Yamai ba ki gani ba, ni za ni ce Likita ya yi kuskure?"

Maganar ta yi mata zafi.

Likita ya tashi ya rufe ƙofa. Da ya dawo, muryarsa ta sauko. Ba mugu ba ne Dumon, kada ku ce na ce. Mutum ne da ya riga ya rubuta wa abokansa wasiƙa cewa ya gano abin da kowa bai gano ba.

"Madmazel, ki saurare ni. Sunanki yana kusa da nawa a kan rahoton nan. Ban taɓa yi wa ɗalibi haka ba. In na janye shi, Dakar za su tambayi dalili. In na faɗi dalili, za su ce ɗalibar da ba ta iya tambayar matan garinsu ba, me za ta yi da gurbi? Akwai 'yan mata arba'in a layi."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Ba za su sake kiranki ba. Ki yi shiru, ki tafi. Shekara uku ki dawo da babbar takarda, ki sake binciken yadda kike so. Ni da kaina zan sa miki hannu."

Ta dubi shuɗiyar takardar da ke leƙowa daga ƙarƙashin katin. Wallahi ta so ta ce to. Kalmar ta zo har bakinta.

"Likita, shekara uku haihuwar fari nawa ce a garin nan?"

Ya mayar da tabar baki.

"Ni na buga shafin da kumandan zai karanta. Da shi zai ɗauke ginin. In na tafi Dakar a kan wannan takarda, duk wadda ta kwana uku a durƙushe da hannuna a ciki."

"Kina da hujja?"

"Yayar mahaifiyata ta lissafa min mata huɗu a unguwa ɗaya. Ka ba ni wata biyu in sake bi, wannan karon tsofaffin zan tambaya."

"Labarin tsohuwa ba hujja ba ne. Ta ce an ce. Ba zan rushe katuna ɗari uku da sittin saboda hirar tsakar gida ba."

Ya ɗauki katin Inna ya duba.

"Wannan mahaifiyarki ce?"

"Ita ce."

"Huɗu ta ce. Ke kin ce nawa?"

"Shida."

"To kawo ta. Ta faɗa da bakinta a gabana. Uwa ɗaya nake so, ɗaya tak, kafin kumandan ya iso. In ta faɗa, na janye rahoton, in ba ki wata biyunki, Dakar kuma ki san yadda za ki yi da su. In ba ta faɗa ba, rahoto ya tafi yadda yake, kada in ƙara jin zancen nan."

Mahamadu ya saki cokalin cikin ruwan zafi.

"Ladidi," ya ce ƙasa-ƙasa, "kar ki yi mata haka."

Ta ɗauki katin. Shuɗiyar takardar ta bar ta a kan tebur.

* * *

Rana ta take lokacin da ta koma gida. Wannan karon ta yi sallama, ta cire takalmi tun daga zaure.

Inna tana bakin murhu, ta ba ƙofa baya. Ladidi ta durƙusa nesa da ita kaɗan. Iya Hure ta zo ta tsaya tsakaninsu, don ta san aikinta ke nan.

"Inna, ki gahwarce ni abin da nic ce ɗazu."

Inna ta tura itace cikin wuta.

"A ce mata ya wuce."

"Akwai wata kuma. Ta hi ta ɗazu nauyi."

Ta faɗa mata duka. Rahoton, ginin, sharaɗin Likita. Tana magana tana jin kunyar kanta, don ta san abin da take roƙo. Matar da ta yi shekara ashirin da biyu ba ta ambaci yaron nan ko ga 'yar uwarta ba, ita za a kai gaban Bature ta buɗe baki.

Iya Hure ce ta fara.

"Ke ɗiyag ga kina da hankali kuwa? Tsirara za ki yi mata! Ni in tahi, ni na riƙe ta, ni na ga komi."

"Ya ce ba shi karɓar naki, Iya."

"To ya bari! Ya jiƙa takardatai ya sha!"

Inna ta ɗaga hannu. Iya Hure ta yi shiru.

"Yaya, a tambaye ta. In na hwaɗi, za su gina ɗakin?"

Da Ladidi ta ce e, da magana ta ƙare nan. Ta sani. Amma wata bakwai ta yi tana rubuta abin da ba haka yake ba, ba ta da sauran wurin ƙara wani.

"Ban sani ba, Inna. Wataƙila su gina, wataƙila su ƙi. Abin da na sani, in ba ki hwaɗi ba, ba su ginawa."

"Ita fa? Karatun nata na bakin teku?"

"Shi kam ina jin ya tahi."

"In na yi shiru fa?"

"In kin yi shiru ina tahiya Dakar."

Inna ta buɗe tukunya ta duba, ta mayar da murfi.

"Ke nan ta zo ta roƙe ni in hana ta abin da taka so."

"E, Inna."

"Yaya, wagga ɗiya taki wa ta biyo?"

"Ke za ki tambaya?" in ji Iya Hure.

Inna ta sauke tukunya daga wuta. Ta shiga ɗaki. Suna jin ƙarar buɗe akwati. Ta fito da baƙin zanenta na saƙi, wanda ba ta ɗaurawa sai za ta gaisuwar mutuwa, ta yafa shi har goshi.

"A ce mata ta wuce gaba. Yanzu. In na zamna na yi tunani, ba ni iyawa."

* * *

Duk hanya Ladidi tana shirya yadda za a yi. Za ta roƙi Likita ya rufe ƙofa. Mahamadu ya fita. Iya Hure ta zauna kusa da Inna. Kalma ɗaya ce, a faɗe ta a tashi.

Suna karyo kwanar ɗakin magani ta hango motar.

Kumandan ya riga su. Bai jira la'asar ba.

An fito da tebur baranda. Kumandan yana zaune ya ɗora hula a gwiwa, Likita na gefensa, rahoton a gabansu. A ƙasa kuma, kan tabarmi, masu unguwannin gari ne aka tara don su ji hukuncin ginin. Maza sun fi goma sha biyar.

A layin gaba, da farin rawaninsa, Baba Sha'ibu ne. Wan marigayi mahaifin Ladidi. Mutumin da tun da aka kawo Inna gidansu ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ba ta taɓa wucewa ta ƙofarsa da takalmi ba.

Inna ta tsaya.

"Inna, mu koma," ta raɗa mata. "Na janye. Wallahi na janye. Mu koma gida."

Inna ta sunkuya ta cire takalmanta, ta riƙe a hannu. Ta taka zuwa bakin baranda, ta durƙusa a kan yashi mai zafi.

Baba Sha'ibu ya leƙo.

"Habsatu? Mi ya kawo ki cikin maza?"

Kanta yana ƙasa.

Likita ya sunkuya ya yi wa kumandan bayani a kunne. Shi kansa ya ji nauyin abin, har ya nuna ofis da hannu, alamar a shiga ciki. Kumandan ya duba agogo ya girgiza kai. Ya ce a yi a nan, tambaya ɗaya ce ai, shi yana da tafiya.

"Mahamadu," in ji Likita, "fassara mata."

Mahamadu ya ja da baya har ya bugi bango.

"Likita, surukinta na zaune. Ka kore ni in ka so. Ba zan iya ba."

Kumandan ya nuna Ladidi da bakin alƙalami.

"Ke. Ba ke ce mai binciken ba? Tambaye ta."

Ladidi ta sauko daga baranda. Ta durƙusa a gaban mahaifiyarta, gwiwa na kusan taɓa gwiwa. Tambayar da ta yi wa mata ɗari da tamanin ba tare da ta ji komai ba, yau ta yi mata nauyi.

"Inna… ɗiya nawa kinka haihwa?"

Wani tsoho ya ce subhanallahi. Baba Sha'ibu ya kau da kai ya ja rawani ya rufe baki.

A hankali Inna ta zaro hannun dama daga cikin zane ta ɗaga.

Yatsu huɗu.

Likita ya sauke ajiyar zuciya.

"Huɗu," ya ce wa kumandan. "Daidai da kati."

Ladidi ta runtse ido. Ba ta ji haushinta ba ko kaɗan, kanta ta ji haushi, ita da ta kawo ta nan. Ta ji ƙarar takarda, kumandan ya jawo rahoton gabansa. Ta ji ya cire murfin alƙalami.

Sai ta ji muryar Inna. Ba da Iya Hure ta yi ba wannan karon. Da ƙarfi ta yi, har na layin baya suka ji.

"A ce ma Anasaran ya aje alƙalaminai."

Ladidi ta buɗe ido.

Hannun daman yana nan a sama da yatsunsa huɗu. Na hagun ne yake fitowa daga cikin zane.

"Ban ƙare ba."